MBA: Ranar da aka tambaye ni "kai fa, me ka yi?"

Tun da Naira ta faɗi, ofisoshinmu sun cika da masu neman mafita. Wani ƙasar waje yake hange, wani kamfani mai zaman kansa, kuma duk matashin ma'aikacin da ka zauna da shi minti goma sai ka ji ya ambaci MBA. Makon jiya wani ƙanena a ofis, yaro mai hankali, yana mataki na 9, ya tare ni bayan Azahar da fayil a hammata. Ya ce, "Yallaɓai, wata makarantar kasuwanci ta kira ni intabiyu. Don Allah duba mini takardun nan, kana ganin zan samu?"

Na buɗe. Digiri mai kyau, takardar hidimar ƙasa, satifiket na bita sun fi goma, har da na bitar kwana biyu a otal. Na rufe na miƙa masa. Na ce takardu sun gama nasu aikin, su suka sa aka kira ka. Yanzu faɗa mini, shekara shida kana gidan nan, me ka yi?

Ya ce, "Ai Yallaɓai ka sani, muna sashen kuɗi, mu muke shirya..."

Na yi dariya har ya tsargu. Wallahi ba shi nake wa ba, kaina na tuna.

A 2022 ni ma na nemi wata makaranta a Ingila. Ina da shekara 41 lokacin, ina mataki na 13. Na yi jarrabawa, na rubuta abin da suka ce a rubuta, suka kira ni intabiyu ta Zoom. Shirin da na yi kuwa, sai ka ce ɗaurin aure: sabuwar shadda, hula zanna, na ari ofishin wani abokina mai sola don kada a ɗauke wuta ana tsakiyar magana, na haddace tarihin makarantar tun daga shekarar da aka kafa ta. Matar da ta yi mini tambayoyin tsohuwar ɗalibarsu ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ko kalma ɗaya ba ta tambaye ni a kan tarihin ba. Cewa ta yi in ba ta labarin wani abu da na tarar yana tafiya a karkace na gyara.

Na fara: mun lura, mun zauna, an kafa kwamiti, an miƙa rahoto. Ta saurara, ta ce ta fahimci abin da sashenmu ya yi, amma ni fa? Na sake zagayowa ta wata hanya, har yanzu dai "mu". Ta sake tambaya, cikin murmushi. A karo na uku na yi shiru, ina jin gumi na bin bayana duk da fanka tana kaina. Bayan mako biyu saƙon ban haƙuri ya shigo.

Na daɗe ina jin haushin matar nan. Daga baya na gane ba ta da laifi, ni ne aka yi wa tarbiyya biyu, kuma duka biyun sun hana ni cewa "ni". A gida an koya mana yabon kai jahilci ne. A aikin gwamnati kuma wasiƙa da "an umarce ni" take farawa, ka sa hannu a madadin Babban Sakatare. Tsarin an gina shi ne yadda ba za a ga hannun mutum ɗaya ba. Ban raina ko ɗaya daga cikinsu ba, har gobe ba na son mai cika baki. Amma wadda ke zaune a can ba ta san Bahaushe da kunya ba. Minti talatin gare ta, kuma abin da ya fito daga bakinka shi za ta rubuta. In ka ce "mu", sai ta ɗauka kana cikin ɗakin ne kawai lokacin da wasu suka yi aikin.

Abin takaicin, ina da labarin. Akwai lokacin da fayilolin masu ritaya ke kwashe wajen wata huɗu a sashenmu. Wani tsohon masinja ya zo daga ƙauye sau uku, kullum a ce masa ana kai. A zuwa na uku ya zauna a bencin ƙofa ya ce ba shi da kuɗin motar komawa. Ranar na buɗe Excel, na jera kowane fayil, teburin da yake, da kwana nawa ya yi a can, duk Litinin in manna a allon sanarwa. Mutane biyu sun daina gaishe ni. Amma cikin wata shida fayil ya koma fita a mako shida. Wannan shi take nema. Ni kuwa ban ɗauke shi a bakin komai ba, tunda ba a ba ni satifiket a kansa ba.

To ga masu tambayata ta akwatin saƙo ko za su samu, amsar ta danganta da ƙofar da kake ƙwanƙwasawa. Jami'o'inmu na gida, irin ABU Zariya ko makarantar kasuwanci ta Dangote da ke BUK, takarda ce kan gaba: kiredit biyar da Turanci da lissafi, digiri, hidimar ƙasa, kuma mai HND ko digiri mai daraja ta uku galibi sai ya bi ta PGD tukuna. Wannan kai ma za ka iya auna kanka a zaune. Lagos Business School, wadda ta fara a 1991, tana duba shekarun aiki, akwai jarrabawar shiga, akwai intabiyu. Manyan na waje kuma yawancinsu sai da GMAT ko GRE. Sabon tsarin GMAT tambaya 64 ce cikin awa biyu da kwata, maki daga 205 zuwa 805. Wanda rabonsa da lissafi tun sakandare, kada ya yaudari kansa cewa mako biyu ya isa. Ni wata huɗu na yi ina tashi kafin Asuba, ɗiyata 'yar aji biyar tana tuna mini abin da na manta.

Kuskurenmu shi ne da idon JAMB muke kallon abin: akwai makin da in ka haye ka shiga, in ka gaza ka faɗi. Ba haka ba ne. Makarantun nan suna wallafa bayanin ajin da suka ɗauka bara, matsakaicin maki, matsakaicin shekaru, yawan shekarun aiki. Matsakaici kuwa yana nufin akwai waɗanda aka ɗauka a ƙasa da shi, akwai kuma waɗanda suka zarce shi aka bar su. Ka buɗe shafin ka dubi kanka tsakani da Allah. Da na yi haka tun farko, da na ga yawancin 'yan ajin cikakken lokaci ba su kai talatin ba ko sun ɗan haura, da na shirya amsar dalilin da ya sa mai shekara 41 bai nemi tsarin manyan ma'aikata ba, wanda ake yi ana aiki. Ta tambaya kuwa, na yi ta kame-kame.

Sai wasiƙar shaida. Nan ma halinmu na nan: a ruga wurin Sanata ko Kwamishina ko wani basarake, don a ga babban suna. Mutumin da bai taɓa ganin aikinka ba me zai rubuta in ban da "yaro ne mai ladabi"? Shugabanka na kai tsaye, wanda ya san ranar da ka yi kuskure da yadda ka gyara, wasiƙarsa ta fi ta mai jiniya nauyi a wurinsu.

Akwai kuma lissafin da ba a son yi, na kuɗi. A 2023 na sake nema, wannan karon na ba da labarin tsohon masinja, aka ɗauke ni. Murna ba ta yi nisa ba. A watan Yuni aka saki Naira, Dalar da take ɗari huɗu da wani abu a farashin gwamnati ta kama hanya, kafin 2024 ta yi nisa ta haura 1,500. Ingila kuma ta sanar cewa daga Janairun 2024 masu irin wannan karatu ba za su je da iyali ba. Tallafin Chevening yana nan, yana neman aikin shekara biyu da alkawarin dawowa gida na shekara biyu, amma a kan MBA yana da iyakar abin da yake biya, cikon naka ne. Na fara maganar sayar da fulotina. Maman yara ba ta yi musu ba, tambaya ɗaya ta yi: "Idan ka dawo, mataki nawa za su ƙara maka?" Amsar ita ce babu. A ma'aikatarmu ƙarin girma na bin shekaru da jarrabawa da gurbi. Ga shi ritaya tana jira a shekara 60 ko shekara 35 ta aiki, duk wadda ta riga zuwa. Na ajiye takardar, na yi MBA ɗina a gida, Asabar da Lahadi. Wani lokaci in na ga hotunan waɗanda suka tafi nakan ji wani abu a raina, ba zan ɓoye ba. Amma fulotin yana nan, har an kai linta.

Shi ƙanen nawa shekararsa 31, makarantarsa kuma a cikin ƙasa take, don haka lissafinsa daban ne, na ce ya je. Mun fara zama bayan an tashi aiki. Na sa ya rubuta labari biyar daga aikinsa, kowanne da yadda ya tarar, abin da shi ya yi, da abin da ya canza, da lamba in akwai. Ɗaya dole ya zama na gazawa ta gaske. Da na tambaye shi rauninsa ya ce wai yana da son aiki da yawa. Na ce wannan amsar sun ji ta sau dubu, ka nemo wadda za ka ji kunyar faɗa. Da na ce me ya sa MBA, me ya sa yanzu, ya ce don ya taimaki al'umma. Na ce wace al'umma, ta wace hanya, a wane aiki bayan shekara biyar? Na ɗauke shi a waya yana magana, ya kalli kansa, ya ga idonsa a ƙasa yake tun daga farko har ƙarshe, yadda aka koya mana a gaban manya. Gaisuwa ma sai da muka rage ta, don shi har iyali yake shirin tambaya.

Ban ce ya yi ƙarya ba fa. Inda aikin na taro ne ya ce na taro ne, sannan ya nuna nasa kason. A zama na uku ne ma ya fito da wani abu da ni kaina ban sani ba: ashe shi ne ya gano ana biyan wasu kuɗin alawus sau biyu saboda an maimaita sunaye a jadawali, ya bi layi-layi har ya tace su. Na ce me ya hana ka faɗa tun ranar farko? Ya ce, "Yallaɓai, ai Darakta ne ya sa hannu."

Intabiyun ranar Alhamis ne. Mun yi yarjejeniya, duk "mu" ɗin da ta fito inda "ni" ya kamata, naira ɗari ce a gwangwani. Jiya na tara ɗari bakwai, muka sha shayi da ita a bakin get. Yau ya yi alkawarin ba za ta wuce ɗari biyu ba.