Yakuwa a Kan Bene

Daren da na sauka a Paraku, takardar sayar da gidan kakanmu na Jugu tana cikin jakata, sa hannuna kaɗai take jira. Dare ya yi, motocin Jugu sun ƙare, sai ɗan kabu-kabu ya kai ni wani masauki kusa da tashar jirgin ƙasa. Ƙasan ginin mashaya ce, kiɗa na tashi. Na tsaya a ƙofa ina jan ƙafa. Dattijuwar da ke da gidan ta dube ni ta ce, "Malam, ɗakuna suna sama, buta ma tana can."

Na tambayi shinkafa, ta yi dariya. Wai watan Agusta ne, sabuwar doya ta fito, wa zai zo Paraku ya ci shinkafa? Aka kawo sakwara da miyar yakuwa da wagashi, cukun Fulanin nan da ke yawaita da damina saboda nono ya wadata. Ta ce in na dawo da rani, kuka da busasshiyar kuɓewa zan tarar.

Da asuba na hau saman benen neman wurin salla, sai ga lambu: yakuwa, alayyafo da tattasai cikin tsofaffin tayoyi da fasassun robobi. Ashe miyar jiya daga nan aka tsinko ta.

Nan kakana ya faɗo mini a rai. Jugu zango ce ta fataken Kano masu zuwa Gwanja sayen goro, kuma gidanmu masauki ne tun zamanin kakansa. Mai masauki ya ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kanwa da tufafi, ya nemo masa mai saye, ya ɗauki la'adarsa. Abin da gona ta bayar a lokacin shi baƙo ke ci. Mu jikoki kuwa cewa muke zamanin nan ya wuce, ɗakuna goma sun zama na jemagu. Ga shi wata tana cin abinci da sana'ar, kilomita sama da 130 daga ƙofarmu.

Da na isa Jugu, Baffa ya miƙo mini biro. Na ce, "Baffa, a yi mini haƙuri damina ɗaya, in gyara ɗaki biyu mu gani." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce rufin yana yoyo, kuma ba shi da ko dala da zai sa. Na ce na sani. Takardar tana nan cikin jakata har yau.