Hanyar Zama Mai Horar da 'Yan Wasa

Ya kai ɗalibi, idan aka tambaye ka sunan ɗan ƙwallon da kake so, na san ba za ka yi jinkirin amsawa ba. To, amma ka san wanda ya fara koya masa tare ƙwallo da miƙa ta? Wannan mutumin shi ake kira mai horarwa, ko koci. A kan aikinsa nake so mu tattauna, domin sana'a ce mai matakai, kuma ba a tsallake mataki.

Ni malamin makaranta ne a Agyaragu, garin da ke kan hanyar Lafiya zuwa Makurɗi, wanda aka sani da kasuwar doya. Bayan an tashi daga aji, nakan kula da wasan ƙwallon ɗalibai. Kusan kowane yaro a cikinsu burinsa shi ne ya buga wa Nasarawa United wasa a Lafiya, daga nan ya wuce Turai. Ba na kashe musu gwiwa, amma nakan gaya musu gaskiya: kaɗan ne ke kaiwa can, kuma wanda ya kai ma, ƙafa tana gajiya tun mutum bai cika shekara arba'in ba. Shi kuwa mai horarwa yakan yi furfura a bakin fili.

Matakin farko shi ne filin ƙura irin namu. A nan koci ba shi da albashi. Shi ne mai hura ƙwallo, shi ne mai raba faɗa, shi ne kuma mai zuwa gidan iyaye ya roƙi a bar yaro ya zo atisaye bayan ya dawo daga gona. A nan ake koyon haƙuri da sanin halin yara. Wani yaron sai an tsawata masa yake motsawa, wani kuwa da zarar an ɗaga masa murya sai ya rikice. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa sai ya san iyakar ƙarfin hannunsa, don kada iccen ya karye.

Mataki na biyu shi ne karatu. A Legas akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa, inda ake koyar da aikin horarwa. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wato CAF, ita ma tana ba da takardar shaida hawa-hawa: akwai ta C, da ta B, da ta A. A kwas ɗin ana koyon tsara atisaye, da dokokin wasa, da yadda jikin ɗan Adam yake aiki, kuma ana rubuta jarrabawa. Saboda haka, duk wanda ya ce maka ka bar makaranta don ƙwallo, ya rufe maka wannan ƙofa ke nan.

Mataki na uku shi ne zama mataimaki. Dubi Manu Garba, mutumin Gombe. A shekarar 2007 yana cikin mataimakan Yemi Tella, lokacin da 'yan wasan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 17 suka ci kofin duniya a Koriya ta Kudu. Sai bayan shekara shida ya kai tasa ƙungiyar ga wannan matsayi. A 2013, a birnin Abu Dabi, yaransa suka ci Meziko 3 da 0 a wasan ƙarshe, aka kuma zaɓi Kelechi Iheanacho gwarzon gasar. A 2015 ya sake cin kofin Afirka na 'yan ƙasa da shekara 20 a Senegal.

Haka hanyar take har a wasannin da ba mu yi a nan. A ƙasashe masu tsananin sanyi, kamar Kanada, ana wasan hoki a kan ƙanƙara. 'Yan wasa shida-shida suke shiga fili, suna sulɓi da takalma masu ƙarfe a ƙasa, suna tura wani ɗan faifan roba da sanda. Wani mutumin Kanada, Scotty Bowman, ya ji rauni a ka tun yana matashi, bai kai ga buga wasa a babbar gasa ba. Sai ya koma horar da matasa. Da ya sami babbar ƙungiya a birnin St. Louis na Amurka, sau uku a jere yana kaiwa wasan ƙarshe ana cinye shi. Daga bisani ya ci babban kofinsu, mai suna Stanley, har sau tara tsakanin 1973 da 2002.

Kada ka ɗauka cewa wanda ya kai sama ya huta. Idan ƙungiya ta yi nasara, 'yan wasa ake yi wa tafi. Idan ta faɗi, koci ake nema. Marigayi Shu'aibu Amodu ya samar wa Nijeriya gurbi a gasar kofin duniya ta 2002 da ta 2010, amma duk sau biyun an sauke shi kafin a fara gasar, wani ya tafi da ƙungiyar. Mai son wannan aiki dole ne ya shirya wa irin wannan rana.

To, me ke rage wa koci idan an karɓe kujera? A ganina, mutanen da ya gina. Ana iya sallamar mutum da takarda guda, amma ba mai iya cire abin da ya zuba a kan yaro: zuwa a kan lokaci, da biyayya ga alƙalin wasa, da miƙa wa abokin hamayya hannu ko da an sha kashi.

Idan wannan hanya ta ba ka sha'awa, kana iya farawa tun yanzu. Ka tara ƙannenka a unguwa ka koya musu abin da ka iya. Idan kana kallon wasa, ka daina bin ƙwallo kaɗai da ido, ka lura da inda kowane ɗan wasa ya tsaya da dalilin tsayuwarsa. Ka sami ɗan littafi kana rubuta abin da ka gani. Sannan ka riƙe karatunka da kyau, domin ranar da za a nemi takardar shaida tana nan tafe.