Wa ka tambaya?

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na darasin dabarun bincike ya ba mu aiki: kowa ya tattaro bayani kan yadda waya ke hana matasa barci. Sai na nemi hanya mafi sauƙi. Na tsara tambayoyi 12 a Google Forms, na watsa a rukunonin WhatsApp, na ce duk wanda ya cika zai shiga ƙuri'ar katin waya. Kafin kwana uku amsoshi sun haura 200, har ina yi wa abokan ɗakina taƙama.

Da na kai wa malam, bai yaba ba. Ya nuna mini wani da ya ce shekarunsa 19, amma ya yi shekara 25 yana riƙe da waya. Ya nuna mini amsoshi 11 iri ɗaya sak, waɗanda suka shigo cikin 'yan mintuna. Daga baya na gano abokin ɗakina ne ya yi ta cikawa don ya ci katin. Malam ya dube ni ya ce, "Wa ka tambaya?" Na yi tsuru-tsuru.

A ranar na san cewa manyan masana halayyar ɗan Adam ma suna fama da wannan matsala. A 2005 kamfanin Amazon ya buɗe dandalin Mechanical Turk, inda ake biyan mutane 'yan kuɗi kaɗan su yi ƙananan ayyuka ta intanet, har da amsa tambayoyin bincike. Sunan ya samo asali ne daga wata na'urar wasan dara irin ta Turawa da aka ƙera a 1770. Jama'a sun ɗauka ita ke wasa da kanta, ashe mutum ne a ɓoye a cikinta. A 2014 kuma aka kafa Prolific a Ingila domin masu bincike.

Dalilin karɓuwar waɗannan dandali a fili yake. A da, malamin jami'a yakan gwada nazarinsa a kan ɗalibansa, sannan ya ce haka ɗan Adam yake. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa biyu suka ja hankalin duniya cewa kusan kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake nazari a kansu a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya. Intanet ta ba da damar samun ɗaruruwan mutane a yini ɗaya, kuma da araha.

Sai dai araha ba ta ado. Yawancin ma'aikatan Mechanical Turk 'yan Amurka ne da Indiya, don haka manomin ƙauyenmu har yanzu ba ya cikin lissafi. Wasu kuma danne-danne kawai suke yi don su karɓi kuɗi. Shi ya sa masu bincike ke saka tambayar tarko, kamar "Idan kana karantawa, zaɓi amsa ta uku."

Na sake aikina daga farko. Na cire alƙawarin kati, na saita fom ɗin yadda kowane asusu sau ɗaya zai cika, na saka tarko guda. Na kuma buga tambayoyin a takarda na kai wa masu koyon ɗinki da kanikanci a unguwarmu, waɗanda ba kullum suke da data ba. Amsa 64 na samu, amma na san daga ina kowace ta fito. A nan na ji abin da fom ɗin farko bai nuna mini ba: da yawansu sai dare suke samun wutar cajin waya.

Abin da ya fi damuna shi ne, ni ma na sha cika fom ɗin wasu ba tare da na karanta ba, ina ganin taimako na yi. Ƙannena, idan aka turo muku irin wannan, ku amsa da gaskiya ko ku bar shi, domin wani zai gina hukunci a kan amsarku. Idan kuma kuka ji an ce "bincike ya nuna", ku yi tambayar da malamina ya yi mini.