Janwe Ba Ya Jiran Inshora

Ƙarfe uku na dare waya ta tashe shi. Direbansa ne, murya na rawa: "Alhaji, mota ta faɗi. Mun ɗan wuce Tafa taya ta fashe. Amma ba a rasa rai ba." Mai motar ya yi hamdala, ya tambayi lafiyar yaron mota, sannan ya zauna bakin gado yana lissafi. Tirela ce ɗauke da buhunan wake daga kasuwar Dawanau zuwa Legas, waken kuma na wani ɗan kasuwa ne. Abu guda ya kwantar masa da hankali: yana da inshora, cikakkiya ma kuwa.

Kafin gari ya waye ya gane cewa asara biyu ce a gabansa, kowace da nata lokacin. Ta farko kuɗin kawar da mota daga hanya, wanda ake biya nan take. Ta biyu kuɗin gyara da diyya, wanda kamfanin inshora zai duba a tsanake, mako bayan mako.

Tirelar da ta kwanta a kan babbar hanya ba ta jiran ciniki. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC suna son a buɗe hanya, kuma da gaskiyarsu, domin motar da ta tare titi da dare takan jawo wani haɗarin. Tayar da ita kuwa aiki ne hawa-hawa. Sai an sauke kaya da 'yan dako, an samo wata motar da za ta kwashe su, an ajiye masu gadi, an kawo na'urar ɗaga mota, sannan janwe ya ja kan motar zuwa gareji. Kowane mataki da farashinsa, kuma mai janwe ya san ba shi da abokin gasa a wannan daji. Alhaji ya tura kuɗi kashi-kashi zuwa asusun mutanen da bai taɓa gani ba. Babu wanda ya ba shi rasit, shi ma bai nema ba.

Kwana biyu bayan haka ya je ofishin kamfanin. Ma'aikaciyar ta jajanta masa, ta buɗe takardar yarjejeniyar da ya sa wa hannu bai karanta ba. "Ranka ya daɗe, ina rasit ɗin janwe? An ɗauki hoton motar kafin a tayar da ita?" Ya yi shiru.

A nan ya koyi abin da ya kamata duk mai babbar mota ya sani. Inshorar da doka ta wajabta a Najeriya ita ce ta kare wanda aka yi wa ɓarna. Tun daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta sa kuɗinta ga manyan motocin dakon kaya ya zama Naira 100,000 a shekara, iyakar diyyar dukiyar da aka lalata wa wani kuma Naira miliyan 5. Wannan takarda ba ta gyara motar mai ita, ba ta kuma biyan janwensa. Cikakkiyar inshora, wadda hukumar ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota, ita ce ke biyan gyara. Ko ita ma, abin da takan ɗauka na janwe shi ne kuɗin da ya dace na kai mota gareji mafi kusa, zuwa wata iyaka da aka rubuta. Alhaji kuwa har Kano ya sa aka ja motarsa, wurin bakaniken da ya amince da shi.

Waken ma ba ya cikin lissafi. Kayan da mota ta ɗauko suna da tasu inshorar daban, ta kaya a kan hanya, shi kuma bai yanka ta ba. Buhunan da suka fashe da waɗanda suka yi ƙafa kafin asuba suka zama magana tsakaninsa da mai kaya, amanar shekaru tana neman tsinkewa.

Na ƙarshe ya fi ciwo. Darajar motar da ya rubuta tsohuwa ce, ta kafin faɗuwar Naira a 2023. Ƙa'idar inshora ita ce, idan motar da ta kai miliyan 40 aka yi mata rajista a kan miliyan 20, to rabin asarar kamfani zai biya, domin rabin kuɗin kariya aka ba shi. Daga nan kuma a cire kason farko da yarjejeniya ta ɗora wa mai mota. Ragin da ya ji daɗin samu ranar biya, yau shi ya dawo masa da ƙari.

Kamfanin ya biya, bayan mai ƙiyasta ɓarna ya duba motar, an kawo rahoton 'yan sanda da lasisin direba. Kuɗin ya gyara mota. Bai mayar da abin da janwe ya ci ba, bai kuma biya watannin da motar ta yi a ajiye alhali iyalan direba da yaron mota suna jiran abinci ba.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma girman asara yakan dogara da abin da aka yi kafin ranar da kuma sa'o'in farko bayanta. Yanzu kowane direban Alhaji yana da takarda a aljihun mota. Ta ce a fara ceton rai, a kira 122, a ɗauki hoto kafin a taɓa komai, a sanar da kamfani a ranar, kada a amsa laifi a bakin hanya, kada a fara gyara sai kamfani ya amince, kowane kwabo kuma a karɓi rasit. Da lokacin sabunta inshora ya zo, ya tura ɗansa ya tabbatar da ita a rumbun bayanai na NIID, shi kuma ya zauna da dillalin. Tambayarsa ta farko ita ce: "Malam, nuna mini layin da ya yi maganar janwe."