Kafin Mu Ɗora wa Amfilifaya Laifi

Jama'a, duk wanda ya zauna wurin Maulidi ko saukar karatu a zangunanmu ya san ƙarar nan mai huda kunne, wadda ke sa dattawa su ja tabarma baya. Mu malamai, da yake a hannunmu akan bar akwatunan lasifika na makaranta, mun lura sau da yawa laifin ba na amfilifaya ba ne. Ƙaramar sipikar sama mai siririyar murya, wato tiwita, ita ke danne babbar ta ƙasa. Maganin yana kan ɗan allon da ke raba musu murya a cikin akwatin.

Masu gyara da yawa resista ɗaya suke liƙawa a gaban tiwita. Mu dai ba mu yarda da wannan ba. Kafasita mai mikrofarad 4.7 da tiwita mai om 8 suna yanka iyaka a wajen haz 4,200. In aka ƙara om 4, nauyin ya koma 12, iyakar ta sauko wajen 2,800. Kaifin ya ragu, amma murya mai kauri da ke wahalar da tiwita tana nan yadda take, ga shi yanzu an samu damar ƙara murɗa amfilifaya. Haka ake ƙona ta.

Resista biyu ake so: om 4 a gaba, om 8 kafaɗa da kafaɗa da tiwitar. Lissafin aji shida ne: 8 da 8 a haka sun zama 4, a tara da 4 na gaba, an koma 8. Iyakar ba ta motsa ba. Tiwita za ta samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin, sauran ukun zafi suke zama. Saboda haka ƙananan resistoci masu zane-zane na rediyo ba su da aiki a nan, farare masu jikin siminti na wat 10 za a nema.

A Zongo Lane ta Ankara an fi samun 3.9 da 8.2, kuma sun wadatar. In babu 3.9, a haɗa 8.2 guda biyu kafaɗa da kafaɗa, su ba da 4.1, su kuma raba zafin tsakaninsu. A ɗaga su daga jikin katako, nesa da audugar akwatin, kuma a auna da mita don akwatunan biyu su zo daidai.