Ɗaki Goma, Ashana Nawa?

Ɗan'uwa mai karatu, in da kwalin ashana kusa da kai, ɗauko shi. In babu, karan hatsi ma ya isa. Jera tsinke huɗu su yi ɗaki ɗaya mai kusurwa huɗu. Liƙa wani ɗakin a jikinsa, su yi tarayya a bango guda: tsinke bakwai ke nan. Ɗaki na uku zai kai ka goma. To, ɗaki goma a jere tsinke nawa za su ci? Ɗaki ɗari fa?

Malaman lissafi a ƙasashe da dama suna ba ƴan koleji irin wannan aiki, don su gane ko yaro ya wuce ƙirga ɗai-ɗai ya fara hango ƙa'idar da ke ƙarƙashin zane. Amsar ita ce 31, sannan 301. Na faɗa maka tun yanzu don kada ta ɗauke maka hankali. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake ba da maki, da kuma abin da makin yake aunawa.

Ni ba ƴar lissafi ba ce, ilimin harsuna nake karantawa a Yamai. Amma duk wanda ya taɓa komawa gida hutun damina ya san yadda abin yake: kana ɗan jami'a, to kai ne malamin unguwa, ko me kake karantawa. A gidanmu na Dakwaro maƙwabta sukan turo min yara da la'asar, ƴan ajin 5e da 4e, tare da ƙanwata. Wata rana na rubuta masu tambayar nan da Faransanci, kamar yadda za su gamu da ita a lakwal, har da jimlar da kowa ya sani a ƙarshe: "Justifie ta réponse." Sai da suka sha dariya tukuna, don kalmar carré a kunnensu kare ce, wai kare goma zai ci ashana. Shi ya sa na koma cewa ɗaki.

Yaron farko ya rubuta 31. Ya zana ɗakunan goma tsaf, ya ƙirga. A takarda ba abin da za a rage masa. Da na ce ɗari fa, sai ya dubi takardar ya ce ba za ta ɗauka ba.

Wata yarinya ta rubuta 32. Jan bik zai bi ta kanta a wuce. Amma ga abin da ta yi: ta ƙirga ɗaki biyar ta sami 16, ta ce goma ai biyar ne sau biyu, ta ninka. Ta ƙi wahalar ƙirga, ta nemi gajerar hanya, kuma neman gajerar hanya shi ne mafarin lissafin da ake so ta koya. Na ce ta jera biyar nan, biyar can, ta haɗa su. Tana turo su kusa ta ga bango biyu sun haɗu wuri guda, ta zare tsinke ɗaya da kanta ba wanda ya ce mata komai.

Ƙanwata kuwa 31 ta rubuta, ta bar wurin bayani fari fat. A aji da wuya ta tsira da rabin maki, wataƙila ma a ce leƙe ta yi. Na ce mata da Hausa, ya aka yi kika samu? Ta ce: "Yaya, ai na hwarin shi ɗai ya ci huɗu. Sauran duka uku-uku sunka ci, don kowane ya iske bango tsaye. Ko ɗaki nawa ne, ki hidda na hwari, ki lissahwa sauran uku-uku, ki ƙara huɗu." Na ce ɗari? Ta ɗan motsa baki: casa'in da tara sau uku, ɗari uku ba uku, a ƙara huɗu, ɗari uku da ɗaya.

A nan ne karatuna ya shigo. Ku sake duba maganarta da kyau. "Uku-uku": maimaita adadi a Hausa yana nufin rabo daidai ga kowane ɗaya, kamar yadda mai ƙosai take cewa biyar-biyar ne. Kalma ɗaya ta ɗauke abin da littafi zai kira ƙarin da ba ya canzawa daga zane zuwa zane. "Don kowane ya iske bango tsaye": wannan hujja ce, ita ce ainihin abin da "justifie" yake nema. "Ko ɗaki nawa ne": wannan shi ne harafin n da ake tsorata yara da shi. Abin da ta faɗa, in an juya shi zuwa alamomi, 4 + 3(n − 1) ne, bai rasa komai ba. Da Faransanci kuwa, kafin ta ce "ko nawa ne" sai ta nemo "quel que soit le nombre", da sigar aikatau ta subjonctif a ciki, ita da ba ta jin wannan harshe sai tsakanin bango huɗu na aji. Ta gwammace ta yi shiru da ta rubuta abin da za a yi mata dariya.

Akwai wani yaron ma da ya ga abin ta wata fuska dabam. Ya ce na kwance a sama goma, na kwance a ƙasa goma, na tsaye goma sha ɗaya, don in kana kafa danga, itacen da ka kafa kullum ya fi tazarar da ke tsakaninsu da ɗaya. Zane guda, ido biyu, kowa da hanyarsa, kuma duka daidai. Takardar da amsa kaɗai take dubawa ba za ta taɓa sanin an yi haka ba.

Kada wani ya ɗauka ina cewa Hausa maganin komai ce. Yaron farko, da na tambaye shi da Hausa, bai iya cewa komai ba ban da "ƙirgawa na yi". Harshen gida bai ba shi maki kyauta ba, sai ma ya tona cewa 31 ɗinsa ba ta da gindi. Takardar Faransanci ta sa shi gaba da ƙanwata, tambaya da baki ta mayar da shi baya. Haka nan ban yarda da masu cewa tunda iyayenmu suna saƙa tabarmar kaba da faifai masu zane, to yaranmu sun riga sun iya lissafin siffofi ba. Mai saƙa ta san inda launi zai dawo, hannunta ya sani. Faɗin dalilin da ya sa zai dawo, ko da tabarmar ta kai daga nan zuwa Maraɗi, wani mataki ne dabam, kuma shi ne aikin makaranta. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta da Larabci yadda ake cika hatimin lambobi, wanda kowane layinsa yake ba da jimla ɗaya. Bai tsaya ga hatimi guda ba, ya ba da hanyar da za ta yi aiki ga gida 3, 5, 7 da sauran adadin da ba ya rabuwa biyu. Wannan "ko nawa ne" ɗin ake nema.

Maganar harshen koyarwa ba yau aka fara ta a Nijar ba. Abdou Moumouni, wanda jami'armu take ɗauke da sunansa, masanin kimiyya ne, kuma tun 1964 ya kare koyarwa da harsunan Afirka a littafinsa L'éducation en Afrique. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa wuri. A watan Maris na 2025 kundin da aka kafa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Duk da haka, ƴar kolejin da za ta zauna BEPC da Faransanci aka koya mata lissafi, da shi kuma za a auna ta. Sannan mu tuna Dakwaro ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Yaron da Fulatanci ko Tamashek ake yi a gidansu yana da nasa "uku-uku", kuma ni ban iya tambayarsa da harshensa ba.

Ba na ganin laifin mushe. Aji cike maƙil, takardu tsibi, fitila ɗaya, ina zai sami lokacin zama da kowane yaro kamar yadda na zauna da huɗu a tsakar gida? Amma akwai abin da ba ya cin kuɗi. A tambayi ɗaki ɗari maimakon goma, yadda ƙirga ba za ta fitar da kowa ba. A ce yaro ya yi alama a jikin zanen ya nuna yadda ya kasa tsinkayen, don zane ba ya buƙatar subjonctif. A bar wanda ya kasa da Faransanci ya rubuta bayaninsa da Hausa a gefe, ko da ba za a ba shi cikakken maki ba, aƙalla a san 32 ɗinsa daga ina ta fito.

Mu kuma da za mu watsu garuruwanmu hutu mai zuwa, ga roƙona. Kowa ya gwada wannan tambaya da ƙannensa, ko ya canza ta zuwa siffa mai kusurwa uku, wadda take tafiya 3, 5, 7. Kada ku gyara masu magana. Ku rubuta ta yadda ta fito daga bakinsu, da karin garinsu, da ajin da suke, ba sai da suna ba. Ku kawo min in mun dawo, ina tara su a littafi guda, zuwa yanzu ina da huɗu.