Taswira ba ta nuna hawa

Duk yaron da ya kawo mini tsarin tafiyarsa ta mota a arewacin Italiya, biro nake fara karɓa in soke rabin garuruwan da ya jera. Ku matasa da kilomita kuke lissafi. Mu da muka kwana biyu a duniya, da awa muke yi.

Ɗauki hanyar Stelvio. A takarda ɗan zare ce, amma ƙololuwarta tana kan mita 2,757, kuma in ka taso daga Prato sai ka sha kwana 48 masu kaifi, kowace da lambarta a gefen titi. Daular Ostiriya ce ta gama ta a 1825, zamanin keken doki, ba don motar haya mai faɗin ƙirji ba. Ga masu babura, ga 'yan keke suna haki a gabanka, ba damar wuce su. Hawan ma da sauƙi. A gangara ake gane direba: ka sa giya ta biyu, inji ya riƙe motar. Wanda ya kwanta a kan birki, kafin ya kai garin Bormio da ke gindin gangarar zai ji ƙauri ya cika masa hanci. Kuma dusar ƙanƙara kan rufe hanyar daga wajen Nuwamba har ƙarshen Mayu.

A Tafkin Komo kuwa kada ka yi taurin kai. Titin bakin ruwa matsattse ne, katangar gidaje tana neman shafar madubinka. Ka shigar da motar jirgin fito a Varenna, cikin kamar kwata ɗin awa kana Bellagio. In ka ga allo mai jan da'ira an rubuta ZTL, wato an taƙaita shigar motoci, juya. Kyamara ce ke gadi, tarar kuma sai bayan watanni take biyo mutum gida.

Tsakiyar Agusta hutun Italiyawa ne na Ferragosto, kowa yana kan titi. Ni Satumba na fi so.

Tsohuwar hanyar duwatsun Dolomite, daga Bolzano zuwa Cortina, kilomita 110 ce ko kusa da haka, amma ka ba ta wuni guda. A yankin Bolzano za ka ji Jamusanci a bakin mutane da yawa. Kuma ɗana, ka riƙa tambaya kafin ka ci: speck ɗin da suke alfahari da shi naman alade ne, har cikin curin burodin da suke jefawa a romo suke sa shi.